Yadda za ka tsare fayilolinka a Google Drive da ire-irensa, da inda za ka koma in ba ka yarda da su ba

Tambayar ta yi yawa. Ɗaliban Samaru da Kongo a Zariya suna yi, masu shaguna a Sabon Gari suna yi, har da malaman Islamiyya da ke ajiye sakamakon yara a waya: shin takardun da muke zubawa a Google Drive, Dropbox, OneDrive da iCloud suna cikin aminci? In ba haka ba, ina za a kai su?

Da wuya ɓarawo ya fasa rumbun Google ya ɗauki takardarka. Abin da ya fi faruwa shi ne ya shigo ta akawun ɗinka, ko ta linkin da ka raba ka manta da shi. Wani lokaci ma babu ɓarawo, kai ne ka goge abu a waya ya gogu a ko'ina. Sannan makullin fayilolin yana hannun kamfanin, ba naka ba. Matakan nan da gangan na jera su haka, kada ka tsallaka zuwa na shida alhali na biyu bai gyaru ba.

Abin da za ka tanada

Waya mai caji da layin da ke ɗauke da NIN ɗinka. Kwamfuta, ko ta aro ce daga wanda ka yarda da shi, don mataki na shida da na bakwai sun fi sauƙi a kanta. Ƙaramin littafi da biro, wanda zai zauna a gida ba a aljihu ba. Sai had-disk na waje ko filash mai kyau.

Manhajojin da zan ambata kyauta ne sai inda na ce akwai biya. Kuɗinka wuri biyu za su tafi. Na farko had-disk, kuma farashinsa yana bin dala, don haka ka zaga shago biyu ko uku a PZ kafin ka ciro kuɗi. Na biyu data. Fayil mai 5GB zai ci 5GB wajen ɗorawa, ya sake cin wani 5GB a kan kowace na'urar da ta sauke shi. Babban aiki ka bar shi sai data ta dare, ko inda kake samun wayifai.

1. Ka fara ganin abin da ke can

Mutane da yawa ba su san iya abin da suka ɗora ba, domin ba su ne suka ɗora ba. Google Photos yana kwashe hotunan waya da kansa in an kunna masa. WhatsApp yana kai kwafin hira Google Drive ko iCloud. Sabuwar laftop mai Windows 11 takan kai abin da ke Desktop da Documents cikin OneDrive tun ranar da aka saita ta.

Buɗe kowanne ka duba, ka raba abin da ka gani gida uku a littafinka. Kashi na farko abin da ko ya fita ba komai: handawut, littattafai, karatun malamai. Na biyu abin da ɓatansa zai yi ciwo amma fitarsa ba abin kunya ba ne: furojek, hotunan suna, lissafin shago. Na uku abin da fitarsa bala'i ce: silif ɗin NIN, BVN, hoton katin ATM, fasfo, sakamakon WAEC da NECO, takardun fili, sakamakon asibiti, hotunan iyali na cikin gida. Na ukun ne zai buƙaci kulle. Hoton katin ATM kuwa ba kulle yake so ba, goge shi za ka yi yanzu, ka bi shi cikin kwandon shara ka sake gogewa, domin Google yana riƙe abin da aka goge kwana 30 ko fiye.

Gargaɗi ga iyaye: yawancin kamfanonin nan suna da na'urar da ke tantance hotuna. A 2022 an ruwaito labarin wani uba a Amurka da ya ɗauki hoton ciwo a al'aurar ƙaramin ɗansa don ya nuna wa likita. Hoton ya hau Google Photos da kansa, na'ura ta ɗauke shi a matsayin cin zarafin yaro, aka rufe akawun ɗin baki ɗaya da imel da komai. 'Yan sanda sun wanke mutumin, amma har labarin ya fito ba a mayar masa da akawun ba. In za ka ɗauki irin wannan hoto don likita, kashe ɗorawa tukuna, kuma ka goge shi bayan an gani.

2. Ka tabbatar akawun ɗin naka ne

A nan yawancin mutanenmu suke da rauni. Hajiya ta sayi waya, ta miƙa wa yaron shago ta ce, "Ɗana, buɗe min Gmail ɗin nan, ni ban iya ba." Ya ce, "To Hajiya, an gama." Ya sa lambar wayarta a matsayin kalmar sirri, ya sa tasa lambar a gurbin lambar dawo da akawun don kod ya faɗo masa nan take. Ba mugunta ya yi ba, sauri yake, ga kwastomomi a tsaye. Amma yau takardun filinta suna cikin akawun da wani zai iya buɗewa daga duk inda yake, kuma ranar da wayar ta faɗa ruwa ita ce ba za ta iya shiga ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shiga myaccount.google.com, ka taɓa sashen Security. Duba Recovery phone da Recovery email. In ka ga lambar da ba taka ba, ko tsohon layin da ka jefar, canza shi. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya yakan karɓe ya sayar wa wani, shi kuma sabon mai layin kod ɗinka zai riƙa shigo masa. Ka sani Google na iya ci gaba da tura kod zuwa tsohuwar lambar har kwana 7 bayan canji, don haka ka sa ido a wannan makon.

Sai kalmar sirri. Lambar waya, sunan ɗa, shekarar haihuwa, duk wanda ya san ka zai cinka. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da babu abin da ya haɗa su, ka tsarma lamba, irin su tukunya-Makarfi-47-jirgi-alkama. Wannan misali ne, tunda ya fito a wannan rubutu kowa ya gani, ya mutu, ka ƙirƙiri naka. Rubuta shi a littafin.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne kalma ɗaya a Gmail, Facebook, shafin makaranta da wani shafin neman aiki da ka manta da shi. In aka fasa mafi rauni a cikinsu, ɓarayi sukan gwada kalmar a sauran. Dropbox kansa ta nan aka same shi a 2012: wani ma'aikacinsa ya maimaita kalmar sirrin da aka riga aka sace a LinkedIn, kuma a 2016 bayanan shiga na mutane kusan miliyan 68 suka bayyana a intanet. Sa imel ɗinka a haveibeenpwned.com ka ga ko yana cikin waɗanda aka taɓa kwasa. In kalmomin sun yi maka yawa, Bitwarden yana riƙe su kyauta, kai ka haddace guda ɗaya.

3. Ƙara kulle na biyu

A sashen Security ɗin dai, kunna 2-Step Verification. Daga nan ko mutum ya san kalmar sirrinka sai ya samu wayarka. Dropbox, Microsoft da Apple duk suna da irinsa.

Kod ta saƙon tes ya fi babu, amma shi ne mafi rauni. Ranar da netiwok ya ƙi kod ba zai zo ba, kuma wanda ya yi wa layinka walkam-bak da ƙarya ya gaje kod ɗinka. Ya fi kyau ka sauke Google Authenticator ko Aegis, waɗanda ke fitar da lamba shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30, ko babu data ko babu sabis.

Kafin ka rufe shafin, nemi Backup codes. Google zai ba ka lambobi 10, kowace mai alƙaluma 8, kowace sau ɗaya ake amfani da ita. Kwafe su da biro a littafi. Kada ka yi musu sikirinshot, don hoton zai koma cikin akawun ɗin da kake neman buɗewa. Wanda ya tsallake wannan, ranar da aka fizge masa waya a Kwangila shi da ɓarawon duk a waje suke.

Hattara: babu ma'aikacin Google da zai kira ka ya ce ka karanto masa kod. Wanda ya kira ya ce "za mu sa ka a guruf ɗin tallafi, turo lambar da ta shigo," akawun ɗinka yake so. Hotunan taurarin Amurka da suka fita daga iCloud a 2014 ma ta saƙonnin yaudara aka karɓi kalmomin sirrinsu.

4. Kori baƙin na'urori

Ƙarƙashin Your devices za ka ga duk waya da kwamfutar da akawun ɗinka ke buɗe a kai. Tsohuwar wayar da ka sayar, kwamfutar kafe inda ka yi rajistar NYSC, tablet ɗin yara da aka saita da imel ɗin Baba har hotunan wayarsa suna fitowa a ciki. Fitar da duk wadda ba ta hannunka. Sauka ƙasa zuwa jerin manhajojin da ka ba izinin shiga Drive, ka cire wadda ba ka gane ba.

Daga yau, in ka je bizines santa fitar da takarda aka ce "Malam shiga imel ɗinka a nan mu buga," kada ka shiga. Mayar da takardar PDF, ka tura ita kaɗai, ka tsaya a goge ta a gabanka. In dole ce ta sa ka shiga, buɗe tagar Incognito, kada ka yarda burauza ta adana kalmar sirri, ka fita kafin ka tashi. Haka wajen mai gyaran waya: canza gilashi ko wurin caji ba ya buƙatar fatan ɗinka. In ya ce sai ya gwada, ka buɗe da kanka ya gwada kana tsaye.

5. Gyara linkin rabawa

Wannan matakin ya fi cin lokaci, kuma a nan ne takardu suka fi zubewa ba tare da an yi wa kowa kutse ba.

A Google Drive rabawa iri biyu ce. Restricted yana nufin sai mutanen da ka rubuta imel ɗinsu. Anyone with the link yana nufin duk wanda linkin ya faɗa hannunsa, ko ba shi da akawun. Wakilin aji ya buɗe folda don 'yan ajinsu su zuba silif ɗin NIN da takardar shiga makaranta, ya jefa linkin a guruf mai mutum ɗari biyu. Wani ya tura wa ɗan wani sashe don ya ga yadda ake yi. An gama karatu, an watse, foldar tana nan a buɗe. Babu wanda ya yi laifi da gangan, amma bayanan mutum ɗari biyu suna hannun wanda ba a sani ba. Irin wannan tattarawa da Google Forms ake yin ta, inda mai karɓa ne kaɗai ke ganin abin da aka turo.

Bi foldodinka ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka raba suna da alamar mutum a jikinsu. Taɓa Manage access, ka mayar da duk abin da aikinsa ya ƙare zuwa Restricted. Ga kowane mutum akwai matsayi uku: Viewer mai gani kawai, Commenter mai yin sharhi, Editor mai iya canzawa. Malamin da ke duba maka furojek Commenter ya ishe shi. Editor yana iya ƙara wasu mutane ba tare da ya tambaye ka ba, sai in ka shiga saitin rabawar ka kashe wannan izinin.

Gargaɗi: duk abin da ka jefa cikin foldar da aka raba yana gadon rabawar. In ka taɓa raba foldar "Takarduna" da abokin kasuwanci don ya ga rasit ɗaya, duk abin da ka ƙara a ciki daga baya yana gani. Ware folda guda don rabawa, ka riƙa kwafa abu a ciki, in an gama ka cire.

Akwai saitin da ke hana mai gani saukewa ko bugawa. Kunna shi, amma kada ka dogara da shi, ba ya hana a ɗauki hoton fuskar waya. Sa wa linki kalmar sirri da ranar da zai daina aiki kuwa, a Dropbox da OneDrive sai mai biya. Proton Drive, wanda za mu zo kansa a mataki na takwas, yana ba da wannan kyauta.

6. Kulle kashi na uku kafin ya hau

Google, Dropbox da Microsoft suna kulle fayiloli a rumbunsu, amma su ke riƙe da makullin. Suna iya buɗewa in kotu ta nema, kuma duk wanda ya shiga akawun ɗinka a buɗe zai tarar da komai. Maganin shi ne ka kulle da naka makullin tun a kwamfutarka.

Ga takardun da ba a taɓawa kullum, 7-Zip ya wadatar, manhaja ce da ke ƙunshe fayiloli wuri ɗaya ta kulle su da kalmar sirri. Sauke shi daga 7-zip.org. Tara takardun a folda ɗaya, danna ta da maɓallin dama, zaɓi 7-Zip sannan Add to archive. A Windows 11 sai ka fara taɓa Show more options. Zaɓi tsarin 7z, rubuta kalmar sirri sau biyu, ka sa alama a Encrypt file names. In ba ka sa ba, mutum zai ga sunayen takardun ko bai buɗe su ba, kuma suna irin "sakamakon gwajin jini" ya riga ya faɗi rabin magana. Gwada buɗe ƙunshin, sannan ka ɗora shi, sannan ka goge na buɗen da ke Drive har da na kwandon shara. A Android, ZArchiver yana buɗe shi.

Ga fayilolin da kake aiki da su kullum, Cryptomator ya fi. Kyauta ne a kwamfuta, a waya kuma sai an biya kafin a samu cikakken aikinsa. Sa manhajar Drive ko Dropbox a kwamfuta tukuna. Buɗe Cryptomator, ƙirƙiri sabuwar taska, ka ajiye ta cikin foldar Drive ɗin. Sa kalmar sirri. Zai ba ka makullin ceto, jerin kalmomin Turanci ne, kwafe su a littafi. In ka buɗe taskar za ta fito kamar filash a kwamfuta, ka yi aikinka a ciki, ka rufe. Abin da ke hawa intanet tarkacen haruffa ne da babu mai karantawa.

Hattara da abu biyu. In ka leƙa Drive ta burauza ka ga fayiloli masu sunaye marasa ma'ana, kada ka ce bairos ne ka goge, taskarka ce. Sannan in kalmar sirri da makullin ceto suka ɓata tare, babu injiniyan da zai buɗe maka, a Zariya ko a Jamus inda aka ƙera manhajar.

Kada ka manta da WhatsApp. Shiga Settings, Chats, Chat backup, ka kunna End-to-end encrypted backup. In ba haka ba kwafin hirarka da ke Drive ba ya cikin kullen da WhatsApp ke alfahari da shi.

7. Yi kwafin da ba ya jingine da intanet

Manhajar da ke daidaita fayiloli aikinta ta sa kowace na'ura ta zama daidai da 'yar'uwarta. In yaro ya goge folda a laftop, za ta goge ta a Drive. In bairos mai kulle fayiloli ya lalata babi na huɗu na furojek ɗinka, lalataccen za ta ɗora. Kana da kwana 30 ka dawo da abin da aka goge ko tsohon kwafi, amma wanda bai lura ba sai bayan hutun zango ya makara. Kamfani ma yana iya tafiya: a Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload, masu fayilolin halal suka rasa nasu tare da masu satar fina-finai.

Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A aikace: ɗaya a laftop, ɗaya a intanet a kulle, ɗaya a had-disk. In kana zaune a Samaru, had-disk ɗin ya kwana gidan yayanka a Tudun Wada ko cikin Birni, ba cikin jakar laftop ba, tunda jakar ake ɗauka gaba ɗaya.

Don sauke komai lokaci guda, shiga takeout.google.com, zaɓi Drive da Photos, ka ce a raba shi gunduwa-gunduwa ta 2GB. Da irin netiwok ɗinmu, gunduwa mai 50GB za ta yanke a tsakiya ka yi asarar data. Zaɓi rana ɗaya a wata, misali ranar albashi, ka sabunta kwafin. In ka gama cire had-disk ɗin, wanda ke maƙale kullum bairos zai ci shi tare da kwamfutar.

Gargaɗi wajen saye: akwai filash na jabu da ke nuna 128GB alhali cikinsa bai kai ko kusa ba. Zai karɓi fayil kamar gaske, sai ranar buɗewa ka tarar da wofi. Gwada shi da H2testw kafin ka zuba komai, manhajar tana cika shi ta karanto ta faɗa maka girmansa na ainihi. Ka yi da mai shago tun farko cewa in ya faɗi gwaji za ka dawo da shi. Filash ɗin ajiya kuma ba ya zuwa kafe, wani daban za ka ware wa yawo. Ka nisanta had-disk daga zafin Afrilu cikin mota, ƙurar hunturu da yoyon damina, kuma kada ka yi kwafi a kwamfutar tebur marar UPS, ɗauke wuta a tsakiyar rubutu yana lalata faifai. In akwai kashi na uku a ciki, kulle shi da VeraCrypt, ko BitLocker in Windows ɗinka Pro ce.

8. In kana so ka sauya sheƙa

Proton Drive na ƙasar Suwizalan yana kulle fayil tun a na'urarka, kamfanin ba ya iya karantawa. Kyautarsa ba ta wuce 5GB ba, amma ta ishi kashi na uku na yawancin mutane. A ganina wannan ya fi dacewa da wanda waya kaɗai gare shi: ya bar handawut da hotunan biki a 15GB na Google, ya kai takardun sirri Proton. MEGA ma haka yake kullewa kuma yana ba da 20GB, sai dai yana ƙayyade yawan abin da mai kyauta zai sauke. A duka biyun ka adana makullin ceto tun ranar farko. Mai iPhone ba sai ya ƙaura ba, ya kunna Advanced Data Protection a saitin iCloud.

Telegram ba madadi ba ne ga takardun sirri, ko da yake ɗalibai sun mayar da Saved Messages rumbu. Abin da ke wurin a na'urorin kamfanin yake, kuma makullin na wurinsu. Fina-finai da littattafai ba laifi.

Wanda ba ya son fayilinsa ya kwana a kwamfutar kowa, Syncthing ne nasa. Yana daidaita folda tsakanin wayarka da laftop kai tsaye, kuma in suna kan wayifai ko hotsifot ɗaya ba ya buƙatar intanet. Sa shi a duka biyun. A Android nemi Syncthing-Fork, domin an daina sabunta ainihin manhajar a ƙarshen 2024. Kowace na'ura tana da lambar shaida mai hoton QR, ka ɗauki na laftop da waya, ka amince a ɓangarorin biyu, ka zaɓi foldar da za a raba. Shiga saitin foldar ka kunna File Versioning, don a kashe yake zuwa, kuma in babu shi abin da aka goge a nan ya tafi a can. Sharaɗinsa sai na'urorin biyu suna kunne a lokaci ɗaya.

Miƙa wa na kusa da kai fayil kuwa, LocalSend yana yi tsakanin Android, iPhone da kwamfuta, babu talla babu rajista. Nextcloud, wato ka kafa rumbunka da kanka, ba na ba mutum ɗaya shawararsa. Yana son wuta tsayayya, intanet tsayayye da wanda zai riƙa sabunta shi, kuma wanda aka kafa aka manta ya fi Google Drive haɗari.

9. Makaranta, kilinik da ofis

Akawun ɗaya da kowa ya san kalmar sirrinsa, daga hedimasta har mai buga takardu, shi ne ya fi yawa kuma shi ne ya fi muni. Kowa ya shiga da nasa imel, a ba shi foldar da ta shafe shi. Mallakar foldodin ta kasance a akawun ɗin ma'aikata, ba na sakatare ba, kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki a cire shi a ranar. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, kuma in suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, dole a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72.

Ɗalibi mai imel ɗin makaranta ya tuna cewa makarantar ke da iko da shi, kuma tana iya rufewa bayan kammalawa. Kwashe aikinka kafin ka fara kiliyarans.

10. Ranar da aka sace waya

Da farko toshe layin da akawun ɗin banki, domin su ɓarawo ke fara nema. Sannan ari wayar wanda ka yarda da shi, shiga Google da ɗaya daga lambobi 10 na littafi, canza kalmar sirri. Je android.com/find, ko icloud.com/find ga mai iPhone, ka ba da umarnin goge wayar, sannan ka fitar da ita daga jerin na'urori. In an riga an ƙwace akawun ɗin, gwada g.co/recover daga kwamfutar da ka saba shiga da ita, a wurin da ka saba, don Google yana la'akari da hakan. Bayan ka dawo, duba Forwarding da Filters a Gmail, ɓarawo yakan bar umarnin a riƙa tura masa kwafin saƙonninka. Masu cewa a biya su su dawo da akawun, yawanci damfara ce ta biyu.

11. Magada

Takardun fili, lissafin bashi da na amanar mutane yanzu a waya suke, kuma kullen da ka yi zai hana iyalinka kamar yadda zai hana ɓarawo. Google yana iya goge akawun ɗin da ya shekara 2 ba a shiga ba. In kuma kana biyan kuɗin ƙarin wuri aka daina biya alhali ka wuce 15GB, Gmail zai daina karɓar saƙo.

Shiga myaccount.google.com/inactive. Zaɓi wata 3, 6, 12 ko 18 na shiru, ka rubuta waɗanda za a sanar, har mutum 10, da abin da kowanne zai iya saukewa. Kana iya ba ɗanka Drive ka hana shi Gmail. Mai iPhone ya nemi Legacy Contact. Wannan tsari fayilolin kawai zai miƙa musu, ba zai buɗe ƙunshin 7-Zip ko taskar Cryptomator ba. Don haka kwafe kalmomin sirrin waɗannan da makullin ceto a takarda daban, ka rufe a ambulan, ka ajiye tare da takardun gida na asali, ka gaya wa mutum ɗaya amintacce inda take. Duk lokacin da ka canza kalmar sirri, ka canza takardar ambulan ɗin a ranar.